Gargaɗi: Kifi Ya Shiga Ciyawa, A Janye Taru Da Guba

Ruwa ya sauka, kogin Kaduna ya fara hawa fadamu, kifi kuwa ya baro zurfi ya shigo ciyawa don ya zuba ƙwai. Wannan gargaɗi na masuntan Zumba ne da sauran garuruwan bakin madatsar Shiroro, da na Zungeru da Wushishi, da masu jefa birgi a Tagwai da Chanchaga. Ya shafi iyayenmu mata masu banda, ya kuma shafi duk magidancin da ke tsayawa a Kasuwar Kure ko Gwadabe a Minna yana cewa a zaɓo masa mai ƙwai. Daga yau har ruwa ya fara ja wajen watan Oktoba: a fitar da gidan sauron da ake kamun kifi da shi daga cikin ruwa, a daina zuba guba, a daina tare bakin fadama.

Masu cewa ai kifi ba ya ƙarewa, tarwaɗa suke gani. Ita kam Allah ya hore mata ƙwai, babba guda tana ɗauke da dubbai barkatai. Amma ku dubi yadda take yi. Takan riƙe cikinta tana jiran ambaliya, sai daren da aka tafka ruwa ta haura cikin ciyawar da ruwa ya shanye, ta watsa ƙwan ya manne a ganye, ta juya abinta. Cikin kwana ɗaya ko biyu ya ƙyanƙyashe, ba uwa ba uba, kwaɗi da ƙwari da sauran kifaye su yi ta ci. Yawan nan da ake gani, da lissafin wannan asara aka yi shi. Ba a yi shi da lissafin mutumin da zai girke gura a bakin fadama ya kwashe uwar tun kafin ta sauke ba.

Karfasa kuwa wani labari ne daban, kuma a kanta ya kamata a tsaya. Namijin ke haƙa rami kamar kwano a cikin yashi, inda ruwa bai yi zurfi ba. Macen ta zuba ƙwanta, 'yan ɗaruruwa ne ko dubu da wani abu, sannan ta kwashe shi ta adana a bakinta. Kusan mako biyu za ta yi ba ta ci ba, tana juya shi don ya sha iska. Ko bayan 'ya'yan sun fito, da sun ga inuwar maharbi sai su ruga su koma bakin uwar. Babu masuncin da bai taɓa ganin karfasa ta furzar da ƙwai a ƙasan kwale-kwale ba. Wanda ya ga haka, ya san ba kifi ɗaya ya kashe ba. Taru kuma da ake ja yana sharar ƙasa, ramukan nan yake rushewa gaba ɗaya.

Bargi da yauni sheƙa suke yi da ciyawa kamar tsuntsu, su tsaya gadi. Tsayuwar nan ita ke sa mashi ya same su cikin sauƙi, kuma da uwar ta tafi sheƙar ta zama abincin kowa. Giwan ruwa sai ta shekara biyu zuwa uku kafin ta isa haihuwa, manyan kuma galibi mata ne. 'Yan mitsi-mitsin nata da ake haɗawa da warangi a sayar a mudu, kowannensu da an bar shi da sai mutum biyu sun ɗaga shi.

Sai ayu, wanda har yanzu ake samun ragowarsa a Kainji da Jebba. Shi ba kifi ba ne, nono yake ba ɗansa. Cikin shekara guda macen ke yi, ta haifi ɗa tilo, ta yi ta renonsa har kusan shekara biyu. Kashe mace ɗaya don a sayar da mai da sauran sassanta ga masu magani ya isa ya share ayu daga wani yanki na kogi. Dokar kare dabbobi masu ƙarewa ta 1985 ta haramta farautarsa. Wanda ke ganin abin wasa ne, ya leƙa kwata da safe ya ƙirga ungulu nawa zai gani. Ita ma ƙwai ɗaya tak take yi a shekara, aka yi ta kashe ta don tsibbu, ga shi tun 2015 tana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Mun tashi tana cika rufin kwano, yau yaranmu sai dai su ji sunanta a karin magana.

Ba sabuwar doka ake nema ba. Dokar kamun kifi a koguna da tafkuna ta 1992 ta hana guba da nakiya da wutar lantarki, ta kuma hana raga mai idon da bai kai milimita 76 ba, wato kusan inci uku, in ban da ta kamun warangi. A Kainji, ƙarshen shekarun 1990, sai da aka haramta dala, wato tarun da ake ja daga gaɓa, bayan binciken da aka yi tare da Jamusawa da cibiyar nazarin kifi ta New Bussa ya nuna irin ɓarnar da take yi wa ƙananan kifaye. Kakanninmu ma sun riga doka sani: kogin Matan Fada a Argungu ai ba a taɓa shi sai Sarkin Ruwa ya buɗe. Na san yunwa ba ta jiran Oktoba, na kuma san rashin tsaro ya raba da yawa daga mutanen Shiroro da gonakinsu, ruwa kaɗai ya rage musu. Shi ya sa ba a ce a ajiye sana'a ba. A sa kalli mai babban ido, a kafa a zurfi, a bar ciyawa da bakin rafi. Mai ƙwai in ta fito da rai, a mayar.

Mafi gaggawa ita ce guba. Gamalin da sauran magungunan feshin gona da ake tsiyayawa a ruwa ba sa zaɓe: uwa da ƙwai da 'ya'ya duk tafiya suke, su bi ruwan da shanu ke sha, mata ke ɗiba. Ku tuna daga Tagwai ruwa ke gangarowa Chanchaga kafin ya shiga famfunan Minna. Banda ba ta kashe wannan guba. Masu saye, ku guji tulin kifi mai arha da ya haɗa manya da ƙanana iri-iri, ba tabon raga ba na ƙugiya, ko mai ɗan warin magani. Wanda ya ga ana zubawa ya sanar da Sarkin Ruwa ko mai unguwa ko jami'an kula da kifi na jiha, a ranar.

In wani ya ci kifi ya kama amai, jiri, karkarwa ko fizge-fizge kamar farfaɗiya, kada a ɗura masa manja ko madara, domin maiƙo ƙara shigar da gubar jiki yake yi. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, a tafi da sauran kifin, a kuma duba duk wanda ya sa hannu a kwanon, musamman yara da masu juna biyu.