Filin makaranta a Amrigebe: biyan haraji na ba da izinin shiga?

A unguwar Amrigebe da ke Njamena, masu motsa jiki kan tambaya: tunda da kuɗin haraji aka gina makarantar gwamnati, me zai hana kowa gudu a filinta?

Doka mai lamba 23 ta 1967 ce ta tsara kadarorin gwamnati a Cadi. Filin na ƙasa ne, amma ɗalibai aka keɓe wa, kuma darakta ke da alhakin kula da shi. Biyan haraji kaɗai ba ya buɗe ƙofa.

Sai dai rufe filin kan tura matasa gudu bakin kwalta, cikin babura. Mafita ita ce darakta da ƙungiyar iyayen yara su ware lokaci, bayan an tashi ko ranar Lahadi, bisa sharaɗin wanda ya ɓata shi zai gyara.