Awo huɗu kafin a sayi kayan gini a Katako

Duk wanda ya taɓa zuwa Yamai neman kayan gini ya san kasuwar Katako. Sunanta ma daga katakon da ake sayarwa a cikinta ya samo asali. A nan ake samun siminti da ƙarfen gini da kwanon rufi da ƙusoshi da ƙofofi, sababbi da tsofaffi. Mutanen ƙauye su kan zo bayan kaka, in an sayar da wake ko albasa, su yi ciniki, su ɗora kaya a mota su koma gida.

Mai saye ya kan tambayi kuɗin kaya kawai. Amma kowane buhun siminti yana da wani kuɗi na biyu da ba a faɗi a bakin rumfa. Wannan kuɗi shi ne hayaƙin da aka saki sama kafin buhun ya iso kasuwa.

Wane hayaƙi ne wannan?

In an ƙona gawayi ko fetur ko icce, wata iska tana fita wadda ido ba ya gani. Masana suna kiranta iskar karbon. Tana taruwa a sama, tana riƙe zafin rana kamar yadda bargo ke riƙe zafin jiki. Da ta yi yawa sai duniya ta ƙara ɗumi, damana ta rikice. Wata shekara ruwa ya yi jinkiri, wata shekara ya sauko da ƙarfi a dare ɗaya ya ci gona da gida.

Nijar tana cikin ƙasashen da ba su sakin wannan iska da yawa, amma tana cikin waɗanda suka fi shan wahalarta. A 2015 ƙasashen duniya suka taru a birnin Paris na Faransa, suka yi alkawarin rage ta. Nijar ta sa hannu. Aikin gini yana da babban kaso a wannan magana, domin siminti shi kaɗai yana fitar da wajen kashi 8 cikin 100 na iskar karbon da ɗan Adam ke saki.

Masana sun fito da hanyar auna kayan gini tun daga haihuwarsu har zuwa mutuwarsu. Ana iya taƙaita ta cikin tambayoyi huɗu, kuma ba sai mai digiri zai iya yinsu ba.

Awo na farko: wuta nawa ya ci?

A Malbaza, cikin jihar Tawa, ana yin siminti tun shekarun 1960. Ana fasa dutsen farar ƙasa, a niƙa, a haɗa shi da yumɓu, a zuba cikin wani dogon tanderu. Zafin tanderun ya kan kai awo 1450. A tuna, ruwa a awo 100 yake tafasa. Iskar karbon tana fita ta hanya biyu: daga makamashin da ake ƙonawa, da kuma daga cikin dutsen kansa in ya gasu. Ta dutsen ma ta fi yawa.

Buhun siminti mai kilo 50 ya kan saki wajen kilo 30 na wannan iska. Ke nan mai gidan da ya ci buhu 100 ya saki wajen tan 3. Ƙarfen gini ya fi haka: tan ɗaya na sabon ƙarfe ya kan saki kusan tan 2.

Tubalin ƙasa kuwa ba ya shiga wuta. A kwaɓa ƙasa da ruwa da ciyawa, a buga, a shanya. Rana ce ke gasa shi, kuma rana ba ta hayaƙi.

Awo na biyu: daga ina ya taso?

Katakon da ake jibgewa a Katako yawancinsa daga dazuzzukan ƙasashen kudu yake fitowa. Tsakanin Yamai da bakin teku akwai tafiyar kilomita 1000 ko fiye. Babbar mota tana shan mai a kowane kilomita, kuma mai saye ne ke biyan wannan mai cikin kuɗin kaya. Ƙasar gini kuwa tana bayan gari, amalanken jaki ke kawo ta.

Amma ba duk abin da ke kusa ne ba shi da illa. Rufin soro yana cin icce da yawa. Azarar giginya, irin wadda ake samu a yankin Gaya, ita ce ta fi ƙarko, sai dai giginya tana daɗewa kafin ta isa sara. In an sare goma ba a dasa ko ɗaya ba, jikoki za su gaji fili.

Saboda haka ne a 1980, a garin Cikal na yankin Filinge, wata ƙungiya mai suna Development Workshop ta fara koya wa magina gini ba tare da icce ba. Ana jera ƙananan tubala a lanƙwashe har su haɗu a sama su zama tulluwa, ko su zama baka mai tsawo. Tubalan su ke riƙe junansu, babu azara, babu kwano. Dabarar daga kudancin Masar aka ɗauko ta, inda aka daɗe ana amfani da ita. Daga baya ta kai Iferwan da wasu garuruwan Nijar.

Awo na uku: shekara nawa zai yi, kuma yaya zama cikinsa?

Ɗakin bulo mai rufin kwano yana ɗaukar zafi da wuri. A watan Afrilu da Mayu mai shi ba ya iya barci a ciki sai da fanka, in akwai wutar lantarki. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye zafin rana a hankali, ɗaki ya kasance da sanyi da rana. Wanda ya rage shan wuta shekara 30 ya rage hayaƙi shekara 30.

Ginin ƙasa yana daɗewa in ana kula da shi. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, ta ƙasa ce. An fara gina masallacin a ƙarni na 16, aka sake gina hasumiyar a 1844, mutanen gari kuma suna yaɓe ta. Masallacin Yama, wanda magini Falke Barmu ya soma a 1962, ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Sai dai ƙasa tana da abokin gaba, shi ne ruwa. A ambaliyar 2020 gidajen ƙasa da yawa sun faɗi a Yamai. A watan Satumba 2024 tsohon masallacin Damagaram ya rushe bayan ruwa mai ƙarfi. Gidan da ya faɗi bayan damana uku ba shi da araha, ko da ba a sa masa siminti ba, domin sai an sake gini.

A nan ne siminti ke da amfani. A sa shi inda ruwa ke duka. A yi tushe da dutse da siminti, a ɗaga shi sama da ƙasa. A gyara indararo domin ruwa ya faɗa nesa da gindin katanga. Kada a yi gini a hanyar ruwa ko cikin kwari. A duba yaɓe kowace shekara kafin ruwan fari, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai kuma tubalin matsi. Ana haɗa jar ƙasa da ɗan siminti kaɗan, a matse cikin injin hannu, a shanya. Da irinsa aka gina gidajen da ake kira Niamey 2000 a Yamai a 2016. Da shi kuma Mariam Kamara, mai zanen gine-gine ƴar Nijar, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka gina sabon masallacin Dandaji a 2018. Tsohon masallacin garin ba su rushe shi ba, gyara shi suka yi ya zama ɗakin karatu.

Awo na huɗu: in ya tsufa, ina za shi?

A wannan awo maƙeran Katako sun daɗe da yin gaba. Tsohuwar gangar ƙarfe su kan yanke ta, su buge, ta zama ƙofa ko taga ko murhu ko akwati. Tsohon kwanon rufi a miƙe shi a sake rufi da shi. Guntayen sanholo a narke a zuba tukunya. Narka tsohon sanholo ba ya cin ko kashi 10 cikin 100 na wutar da ake buƙata wajen yin sabo. Duk ƙofar da aka ƙera da tsohon ƙarfe ta hana a hura tanderu domin sabuwa.

Katangar ƙasa ma in ta faɗi ba ta zama shara. A jiƙa ta, a sake kwaɓawa, ta koma tubali. Fasasshen bulo kuwa sai dai a cike rami da shi.

Abin da mai gini zai riƙe

Ba a ce a bar siminti ba. Rijiya da gada da madatsar ruwa da tushen gida suna buƙatarsa. Abin da ake so shi ne a sa shi inda ya kamata, a bar wa ƙasa sauran aikin. Mai gini ya zauna da magininsa kafin ya tafi kasuwa, su ƙidaya buhun da ake buƙata da gaske. In ya isa Katako ya fara leƙa rumfar tsofaffin kaya kafin ta sababbi. In ya sare icce domin rufi, ya dasa wani ya kuma killace shi daga awaki. Wanda ya yi haka ya rage kashe kuɗi, ya sami ɗaki mai sanyi, ya kuma rage hayaƙin da ke rikita damana.

Tambayoyi domin tattaunawa a ajin yaƙi da jahilci

1. Wane gini ne ya fi daɗewa a garinku, kuma me ya sa bai faɗi ba?
2. Daga ina ake samo iccen rufi yanzu, kuma daga ina ake samo shi shekara 20 da suka wuce?
3. Gidajen da suka faɗi a damanar bara, ta ina ruwa ya shige su?