Abin Da Mai Karɓar Maganin Ciwon Daji Ya Kamata Ya Sani

Jama'a, karatunmu na yau a kan maganin ciwon daji ne, watau sankara, wanda a asibiti a ke ce masa kansa. Mutane su kan fara karɓar maganin nan, amma da sun ga gashinsu ya zube, ko amai ya dame su, sai su ce magani bai karɓe su ba, su koma gida. Bayan 'yan watanni sai a komo da su ciwo ya ci ƙarfinsu. Sabo da haka ya kamata ko wane mutum ya san abin da zai gani tun bai fara ba.

Yadda Maganin Ke Aiki

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, kamar yadda a ke gina ɗaki da tubali. In waɗansu sun tsufa sun mutu, waɗansu su maye gurbinsu. Ciwon daji shi ne waɗansu ƙwayoyi su yi ta hayayyafa ba tsayawa, har su zama ƙari, su bazu cikin jiki. Ba a ɗaukarsa ta wurin cin abinci tare ko gaisawa.

Akwai magunguna masu kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa. Jiyya da irinsu shi a ke kira kemoterafi, ko kemo a taƙaice. Ɗaya daga cikin waɗanda a ka fi amfani da su sunansa saiklofosfamaid. A Jamus a ka fara haɗa shi, a ka yarda da shi a Amurka cikin 1959. A kan ba da shi don sankarar mama, da ta kaluluwa, da waɗansu irin na jini.

Maganin nan ya daɗe yana aiki a ƙasashenmu. Cikin 1958 wani likita a Yuganda, Denis Burkitt, ya bayyana wani ƙari mai saurin girma da ke kumbura muƙamuƙin yara ko cikinsu. Daga baya likitoci su ka ga saiklofosfamaid yana saɓar da kumburin nan cikin 'yan kwanaki, har waɗansu yara su ka warke sarai. Cikin masu wannan aiki akwai Likita Victor Ngu, mutumin Kamaru, wanda ya yi aiki a babban asibitin Ibadan. Cikin 1972 a ka ba shi da Burkitt da waɗansu lambar yabo ta Lasker a Amurka.

Don Me A Ke Maimaitawa?

A kan ba da shi ta jijiya, kamar ƙarin ruwa, ko kuwa ƙwaya a haɗiya. Ga mai sankarar mama, sau da yawa a kan yi sau ɗaya cikin mako 3, har sau 4 ko 6, yadda likita ya tsara.

Manomi ba ya noma sau ɗaya ya ce ya gama. Bayan noman fari sai maimai, gama ciyawar da ta tsira za ta sake tasowa. Haka maganin nan ya ke. Ko wane zagaye yana kashe wani kashi na mugayen ƙwayoyi. Ƙari ya kan saɓe bayan zagaye ɗaya ko biyu, mutum ya zaci ya warke, alhali saiwa tana nan. Wanda ya tsaya a nan ya bar gona ga ciyawa.

Kafin ko wane zagaye za a ɗibi jininka a auna. In jinin bai komo daidai ba, likita ya kan ɗaga ranar. Wannan ba kora ba ce, kiyaye ka a ke yi.

Abin Da Za Ka Gani A Jikinka

Maganin ba ya iya rabe mugayen ƙwayoyi da masu kyau waɗanda su ma ke saurin girma, watau na saiwar gashi, da na cikin baki da hanji, da na ɓargo inda a ke yin jini. Daga nan wahalarsa ta ke.

Tashin zuciya da amai su kan zo a ranar ko kashegari. Akwai maganinsu, ka sha shi yadda a ka ce tun aman bai fara ba. Ka riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan, kamar kunu ko fate-fate. Gashi ya kan fara zuba bayan mako 2 ko 3, amma yana sake tsirowa bayan an gama. Kasala ma ta kan zo.

Ragowar maganin ta mafitsara ta ke fita, tana kuwa iya ƙona ta. Sabo da haka ka sha ruwa mai tsabta da yawa, kamar lita 2 zuwa 3 a yini, sai dai in likita ya hana sabo da ciwon zuciya ko na ƙoda. Kada ka riƙe fitsari. In ƙwaya a ka ba ka, ka sha da safe, kada ka tauna ko ka daka ta. Kada ka ɗauki azumi sai ka yi shawara da likita, gama an yi wa majiyyaci rangwame.

A kan gama shi da wani jan magani, dokzorubisin, wanda ke mai da fitsari ja kwana ɗaya ko biyu. Wannan ba jini ba ne. Amma in ka ji zafi ko zogi a wurin allura sa'ad da a ke ɗura shi, ka gaya wa nas nan take.

Alamun Da Ba A Jira

Fararen ƙwayoyin jini su ne dakarun jiki. Su kan ragu ƙwarai tsakanin kwana 7 da 14 bayan magani. A lokacin nan ƙaramar cuta tana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya. In jikinka ya yi zafi har digiri 38 a ma'auni, ko ka ji rawar ɗari, ka tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Kada ka ce zazzaɓin cizon sauro ne ka sayi magani a kasuwa. Haka kuma in ka ga jini a fitsari, ko haɓo ya ƙi tsayawa, ko numfashi ya yi wuya, ko amai ya hana ka shan ruwa.

Ka wanke hannu da sabulu, ka kwana cikin gidan sauro, ka nisanci mai tari da mai ƙyanda. Kada ka je wurin wanzami don ƙaho ko tsaga, gama jini ba ya saurin tsayawa. Duk wani jiƙo ko sassaƙe da ka ke sha, ka faɗa wa likita.

Maganar Iyali

Maganin nan yana ɓata ɗan da ke ciki. Mace kada ta ɗauki ciki ko ta ba da nono muddin tana karɓarsa, namiji kuma kada ya ba da ciki. Yana iya ɗauke al'adar mace, ya kuma rage haihuwa ga mace da namiji. Mai son haihuwa nan gaba ya yi wa likita maganar tun kafin a fara, kada kunya ta hana shi. Mai jiyya kuwa, cikin kwana 2 na farko, ya sa safar hannu in zai kwashe amai ko fitsari.

A Arewa a na ba da maganin nan a manyan asibitocin koyarwa, kamar na Shika kusa da Zariya, da na Malam Aminu Kano, da na Sakkwato. Ka tambayi kuɗin dukan zagayen tun farko, don dangi su shirya, kada a tsaya a tsakiya. Ka rubuta sunan maganinka da ranar komawa, ga amfanin karatun da mu ke yi ke nan. Wanda ya zo da wuri, ya kuma cika adadin da likita ya yanka masa, shi ya fi samun sauƙi. Allah ya ba mu lafiya, amin.

Tambayoyi

1. Don me a ke maimaita maganin nan?
2. Don me a ke son shan ruwa da yawa?
3. Faɗi alamu 3 da za su sa a tafi asibiti nan da nan.