Ɗanki Ya Samu BEPC: Boko Zalla Ko Lakwal Ta Sana'a?

Duk shekara idan sakamakon BEPC ya fito, magana ɗaya ce ke yawo a kasuwar Diffa, wato ina yaro zai nufa. Mu da muke sayar da tattasai da busasshen kifi mun san da gumin da ake tara kuɗin lakwal, don haka ya kamata mu duba inda za mu zuba su.

Idan mai karatu bai manta ba, bayan harin da aka kai Diffa da Bosso a watan Fabrairun 2015, hukuma ta hana hawan babura, ta kuma taƙaita cinikin tattasai da kifi. Samarin da ba su da abin yi sai kabu-kabu suka wayi gari hannu rabbana, alhali mai ɗinki da mai walda sun ci gaba da samun na cefane.

A nan ne ya dace mu leƙa abin da 'yan mishan na Katolika ke yi. A Yamai akwai lakwal ta sana'a mai suna Issa Béri, wadda 'yan ƙungiyar La Salle ke riƙe da ita. Wani malamin coci ɗan Faransa, Jean-Baptiste de La Salle, ne ya kafa ƙungiyar a 1680 domin karantar da 'ya'yan talakawa. A lakwal ɗin yaro na karatun sakandare tare da koyon aikin ofis, kamar lissafin kuɗi da kwamfuta, ya fito da takardar shaidar sana'a.

Wasu iyaye na tsoron kada a sauya wa yaro addini. Amma a ƙasar nan, inda kusan kowa Musulmi ne, yawancin ɗaliban makarantun mishan 'ya'yan Musulmi ne. Duk da haka haƙƙinki ne, Hajiya, ki tambayi yadda ake yi da lokacin salla kafin ki biya ko dala.

Babbar matsalar ita ce nisa, domin tsakaninmu da Yamai ya haura kilomita 1,300, ga kuɗin lakwal, ga masauki. A tsarin cocin, jihar Diffa na ƙarƙashin bishop na Maraɗi tun 2001, saboda haka can ne za mu kai kukanmu idan muna son irin wannan lakwal kusa da gida. Kafin nan kada mu raina cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati da ake kira CFM.

Aikin kuwa yana nan yana jira. Kowace gonar tattasai a bakin Komadugu da injin ban-ruwa take rayuwa, idan ya lalace a tsakiyar rani kuma babu makaniki kusa, shuka ta ƙone. Haka babban ɗan kasuwa yana bukatar wanda ya iya rubuta shiga da fitar kuɗi da bashin da ke waje.

Shawararmu ita ce, kafin ki sa yaro a kowace lakwal, ki tambayi wace takarda ake bayarwa, ko gwamnati ta amince da ita, da kuma inda waɗanda suka gama suke aiki yanzu. Allah ya yi wa zuri'a albarka, amin.