HAWAN KEKE A HANYAR BURJI DA TURBAR DAJI

Tun da aka fara zuba kwalta, mutane sun ɗauka duk hanyar da ba ta samu ba, hanya ce mai jiran gyara. Amma a Amurka da ƙasashen Turai akwai dubban mahaya keke waɗanda ke barin kwalta da gangan, su nemi hanyar tsakuwa, da turbar gandun daji, da 'yan hanyoyin da ke ratsa gonaki. Abin ya zama wasa mai zaman kansa, da irin kekensa da gasanninsa. An rubuta wannan bayani domin hakimai da malamansu su san asalinsa, da amfanin da ya jawo wa ƙananan garuruwa, da kuma gardamar da ake yi kan hakkin bin hanya, gama wannan ta ƙarshe ba baƙuwar magana ba ce ga wanda ya taɓa zaman sasanta rikicin burtali.

Inda abin ya faro

A tsakiyar Amurka akwai jihohin noma masu faɗin ƙasa, kamar Iowa da Kansas. Tun da can gwamnati ta auna ƙasar, ta yanka ta murabba'i murabba'i, ko wane gefe mil ɗaya, hanyoyi kuwa suka bi iyakokin. Yawancinsu tsakuwa aka zuba musu don motocin manoma, har yau kuma haka suke. Mahayan wurin suka ga cewa a kan kwalta mota na iya banke mutum, a nan kuwa sai ya yi tafiya mai nisa bai gamu da kowa ba sai shanu.

A shekarar 2006 mutum 34 suka taru a garin Emporia na jihar Kansas, suka yi tseren mil 200, watau wajen kilomita 320, cikin tuddan da ake kira Flint Hills. Dutsen wurin irin wanda ake ƙyastu da shi ne, yana da kaifi, yakan tsaga taya kamar an sa aska. In kuwa an yi ruwa, taɓo yakan liƙe wa keke har ƙafa ta ƙi juyawa, sai mahayi ya saɓa shi a kafaɗa. Haka aka yi a 2015, aka kuma a 2023. Da fari sunan tseren Dirty Kanza, amma a 2020 aka sake masa suna Unbound Gravel, saboda an ga tsohon sunan yana da cin fuska ga ƙabilar Kaw, waɗanda su ne 'yan asalin ƙasar. Yanzu masu neman shiga sun yi yawa har sai an jefa ƙuri'a. A 2024 Lachlan Morton, mutumin Ostareliya, ya gama mil 200 ɗin cikin awa 9 da minti 11. Sauran jama'a kuwa da yawansu dare ke riskarsu a hanya.

Emporia gari ne na mutum kamar dubu 24. In lokacin tseren ya zo, wajen farkon watan Yuni, masaukai kan cika, masu abinci da masu gyaran keke su yi ciniki. Duk wannan kuwa a kan hanyoyin da aka yi don kai hatsi da shanu kasuwa.

Yadda keken yake

Wanda ya hango keken tsakuwa zai ce keken tsere ne, gama hannunsa lanƙwashe yake kamar ƙahon rago. Bambancin yana ga taya. Ta keken tsere siririya ce, faɗinta milimita 25 zuwa 30. Ta keken tsakuwa kuwa takan kai milimita 38 zuwa 50, kuma ba a cika ta da iska tam. Dalili shi ne, taya mai tauri in ta hau tsakuwa sai ta yi ta tsalle, ƙarfin mahayi ya tafi a banza wajen girgiza. Mai ɗan laushi kuwa takan lanƙwasa ta haɗiye dutsen ta wuce. Wanda ya taɓa hawan keke a hanya mai gargada ya san abin da ake nufi.

Yawancin mahaya ba sa sa robar ciki. Akan zuba wani ruwa mai danƙo cikin tayar, in ƙaya ta soke ta sai ruwan ya bi ramin ya toshe shi, mahayi bai ko sauka ba. Birkin kuma na faifai ne a tsakiyar ƙafa, don haka laka ba ta hana shi kamawa. Akwai giya mai sauƙi ta hawan tudu, da wuraren ɗaura gorar ruwa da jaka.

Abin da zai ba mai karatu dariya shi ne, tayar tsohon keken Raleigh da iyayenmu suka yi ta kai kaya kasuwa da shi, inci 28 ce da faɗin inci ɗaya da rabi, watau wajen milimita 38. Ashe faɗin da masana suka dawo kansa bayan dogon gwaji, shi ne wanda ɗan aiken hakimi ya daɗe yana hawa a kan burji. Sai dai sabon keken bai fi rabin nauyin tsohon ba, kuɗinsa kuwa ba a magana.

Turawan Ingila ma ba yau suka fara ba. Tun 1955 suka kafa ƙungiyar Rough Stuff Fellowship ta masu bin turbar tudu da daji a kan keke. A Italiya kuma, a lardin Tuskani, akwai hanyoyi na farar tsakuwa tsakanin gonakin inabi. A 1997 Giancarlo Brocci ya shirya hawan da ake kira L'Eroica a ƙauyen Gaiole, a kan tsofaffin kekuna, kuma cikin nufinsa har da hana a rufe waɗannan hanyoyi da kwalta. Daga nan aka samu tseren ƙwararru na Strade Bianche a 2007. A 2022 hukumar tseren keke ta duniya ta yi gasar duniya ta farko ta keken tsakuwa a Italiya, Gianni Vermeersch na Beljiyam ya ci ta maza, Pauline Ferrand-Prévot ta Faransa ta ci ta mata. A Afirka, Kenya ta fara nata tseren na kwana huɗu a ƙasar Masai Mara a 2021.

Wa ke da hakkin bin hanya?

To, ga inda maganar ta shafi masu riƙon ƙasa. Hanyar gona da turbar daji ba kamar babban titi ba ne. Akwai mai ƙasa, akwai mai dabbobi, akwai mai tafiya a ƙasa, akwai motar katako wadda don ita aka share hanyar tun fari. Keke kuwa ba ya ƙara, yana kuma iya gangarowa da gudu. Ko wace ƙasa ta yanke hukuncinta dabam.

A Ingila da Wales hanyoyin karkara kashi kashi ne. Akwai turbar ƙafa, wadda mai keke ba shi da hakkin hawa a kanta. Akwai turbar dawaki, wadda dokar 1968 ta buɗe wa mai keke, da sharaɗin ya kauce wa mai doki da mai tafiya a ƙasa. A Sikotilan dokar 2003 ta fi sakin hannu: mutum na iya ratsa yawancin ƙasa a ƙafa ko a keke, muddin bai yi ɓarna ba, bai shiga shuka ko harabar gida ba. A Ostiriya kuwa an ƙuntata. Dokar gandun daji ta 1975 ta yarda kowa ya shiga daji a ƙafa, amma hawan keke ko a kan hanyar motar katako sai da izinin mai dajin. A jihar Baden-Württemberg ta Jamus awo aka sa: turbar dajin da faɗinta bai kai mita biyu ba an hana keke, sai inda hukuma ta keɓe. Amurka ma, a dazuzzukan da dokar 1964 ta keɓe don a bar su yadda Allah ya halicce su, ba a shiga da keke sam.

A ganin mai wannan rubutu tsarin Ingila ya fi sauƙin riƙewa, domin ya faɗi hanya, ya kuma faɗi wanda zai kauce wa wani. Na mita biyu kuwa, wa zai tsaya cikin daji da igiyar awo? Mahayan Jamus sun daɗe suna ƙorafi a kansa.

Bayan doka akwai ladabin da mahaya suka ɗora wa kansu, don sun san in suka ɓata wa manoma rai za a rufe musu hanya. In mutum ya buɗe ƙyauren shinge ya wuce, ya mai da shi yadda ya same shi. In ya tarar da garke ya rage gudu, kada ya ratsa tsakanin saniya da ɗanta. Ba a bin turba mai laushi bayan ruwan sama, gama sawun taya yakan zama hanyar ruwa, ruwa kuwa ya zaizaye ta. In ana saran itace a gandun daji akan rufe hanyar, a kafa allo.

Haɗari ma yana nan. Hanya ce mai nisa da asibiti, kuma a yawancin gasannin ba a hana motoci bi. A watan Agusta na 2022 Sule Kangangi, gwanin keke na Kenya, ya faɗi cikin tsere a jihar Vermont ta Amurka, ya rasu. Shi ya sa ba a barin mahayi ya shiga tsere ba hular kwano, a tsere mai nisa kuma akan bukaci ya ɗauki fitila, da isasshen ruwa, da kayan faci.

Saboda haka in wata rana waɗansu suka zo neman izinin irin wannan hawa a gundumarku, a nemi su kawo taswirar hanyar tukuna. A duba inda ta ratsa burtali ko mashaya, da ranakun kasuwa, a ji ta bakin malamin daji in za ta shiga gandu. A sanar da dagatai da ardo tun da sauran kwanaki, a kuma tambayi masu shirin wace mota ce za ta ɗauki wanda ya ji rauni, da asibitin da za ta kai shi.