Daga Yauri zuwa Sabuwar Busa: Wa Ke Auna Ruwan Kainji?

Tun kafin rana ta ɗaga, bakin ruwan Yelwan Yauri ya riga ya cika. Jirage na isowa daga tungaye da gungaye, ana sauke kwandunan kifin banda, 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu suna ciniki da dillalai. Akwai faliya da ƙurungu da tarwaɗa da karfasa, jefi-jefi kuma a ga giwan ruwa. Ga warangi, ƙananan kifin da ake shanyawa a rana, an tara su tsibi-tsibi. Dattawan masunta, Sarkawa ne ko Gungawa, maganarsu ɗaya ce: kifi ya ragu, kuma wanda ake kamawa yanzu bai kai girman na da ba. Ba wanda zai musa musu. Sai dai in aka ce da nawa ya ragu, wane iri ya fi raguwa, a wane ɓangaren tafkin Kainji, sai magana ta tsaya, domin wannan aikin ma'auni ne, ma'aunin kuwa ba a Yauri yake ba.

Wannan tafki hannun mutum ne ya yi shi. An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka datse Kogin Kwara a 1968, ruwa ya taru ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,270, tsawonsa ya haura kilomita 130. Kimanin mutum 44,000 aka tasa daga garuruwansu aka yi musu sabbin matsuguni. Tsohuwar Busa, inda Bature Mungo Park ya halaka a 1806, tana ƙarƙashin ruwa. Gungawan Yauri da suka saba noman albasa a tsibirai suka koma tudu, wasunsu suka ƙara dogara ga kamun kifi.

Tun a 1968 ɗin gwamnati, da taimakon hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kafa shirin binciken tafkin a Sabuwar Busa. Ya zama cikakkiyar cibiya a 1975, kana a 1987 ya koma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa baki ɗaya, wadda aka fi sani da NIFFR. A garin ne kuma kwalejin tarayya ta koyar da fasahar kifi take. Albarkacin ma'aikatan farko da suka riƙa zagaya tungaye da sikeli da littafi ne muka san cewa kamun shekara ya haura tan 28,000 a 1971, lokacin da sabon ruwa ya sha ciyayi kifi ya yi ta hayayyafa, sannan ya faɗo zuwa kimanin tan 4,500 a 1978. Ba don an rubuta ba, da yau labarin ya zama na "a zamaninmu".

Sabuwar Busa tana can kudu kusa da madatsa, cikin Jihar Neja. Yauri da Ngaski da Shanga kuwa suna arewa da gabashin ruwan, cikin Jihar Kebbi, kuma ta nan ne kogin ke shigowa. Ruwa biyu ake yi a shekara. Farin ruwa na damina ne, mai laka, yana zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba. Baƙin ruwa kuwa tun daga duwatsun Gini ya taso, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali har lakarsa ta kwanta, ya iso nan cikin sanyi. Idan rani ya yi nisa tafkin kan ja baya da kamar mita 10, ya bar fadamar da ake noma da kiwo. Duk abin da kogi ya kwaso, alheri ko akasinsa, mutanen arewacin tafkin ke fara gani. Haka aka yi da ciyawar nan mai kama da kainuwa da ta gangaro daga Nijar a ƙarshen shekarun 1980, ta toshe mashigai ta lalata raga, har sai da aka gitta mata shinge a kan kogin a Zamare.

Wancan shinge ɗaya ne daga ayyukan shirin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus da aka fara a 1993. Abin koyi a shirin shi ne yadda aka tattara kowa a kan aiki guda: masu bincike, ma'aikatan kifi na jihohin biyu, sarakuna da sarakunan ruwa. Kowace shekara a ƙirga tungaye, waɗanda suka haura 200, a ƙirga jirage da injuna da kayan kamun kifi irin su kalli da birgi da gura, a kuma auna abin da ake saukewa a zaɓaɓɓun mashigai. Awon ne ya nuna ɓarnar dala, ragar nan mai ƙananan idanu da ake ja don warangi amma take kwashe 'ya'yan manyan kifi tun ba su tasa ba. Da hujja a hannu aka hana ta a ƙarshen shekarun 1990. Rahotannin shirin suna nan a intanet kyauta, kuma har gobe ɗalibai da su suke kafa hujja. Wannan abin yabo ne, amma kuma yana nuna cewa alƙaluman da aka fi dogara da su sun haura shekara 20.

Yau masu son yin bincike a kan tafkin sun fi na da yawa. Akwai Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da jami'ar jiha a Aliero, da ta tarayya a Birnin Kebbi, da ta aikin gona a Zuru. Ɗalibin da ya zo ɗiban ruwa a Wara ko Yelwa yakan yi hayar jirgi daga aljihunsa, ya cika 'yan kwalabe, ya kama doguwar hanya. Iskar da ke narke cikin ruwa, wadda kifi ke shaƙa, a wurin ake auna ta, domin tana sauyawa kafin a je ko'ina. Gano gubar ƙarfe kuwa sai da na'ura mai tsada da ke son wuta tsayayya da ƙwararren ma'aikaci. Ba kowace jami'a ce za ta iya mallakar jirgin bincike da na'urar leƙa ƙarƙashin ruwa da irin wannan ɗakin gwaji ba, kuma ba dole ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyin da ke jiran amsa ba na cikin aji ba ne. Ana haƙar zinariya a ƙasar Yauri da Ngaski, kuma an san masu haƙar gargajiya da amfani da zaiba, wadda in ta shiga ruwa takan taru a jikin manyan kifi. Wanda ya tuna gubar dalmar da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ba zai so a jira sai an ga gawa ba. Akwai tsargiya da ke addabar yaran bakin ruwa. Akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun 1968, waɗanda jirage ke karo da su. Bayan hatsarin jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021 ya ci rayuka masu yawa, taswirar ƙasan tafkin ta zama bukatar kowane matuƙi. Ga kuma madatsar Kandaji da Nijar ta fara ginawa a saman Yamai, wadda za ta taɓa yadda baƙin ruwa ke isowa.

Wasu sun riga sun nuna hanya. Jirgin binciken teku na ƙasar Norway mai suna Dr Fridtjof Nansen tun 1975 yake ɗaukar masanan ƙasashen da ba su da nasu. Kenya da Uganda da Tanzaniya sun kafa hukumar kifi guda a kan Tafkin Biktoriya a 1994, suna yin ƙidayar kifi tare. In ƙasa uku sun iya, jiha biyu ba su da uzuri.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfinmu ba. A samu ƙaramar tashar bincike a Yelwa ko Wara, mai wutar rana da firji da jirgi ɗaya lafiyayye, a buɗe ta ga duk mai bincike bisa jadawali da kuɗin da kowa ya sani. Manyan na'urori su zauna inda suke, amma a rubuta yarjejeniyar da za ta bai wa ɗalibin Aliero ko Zuru damar amfani da su ba sai ya san wani ba. Kamfanin da ke sarrafa madatsar da hukumar HYPPADEC mai kula da raya yankunan madatsun wutar lantarki su sa hannu, a riƙa bayyana awon ruwa a fili. A horar da 'ya'yan masunta su riƙa rubuta kamun tungarsu, a kuma dawo musu da sakamakon da Hausa, a rediyo da fadar sarkin ruwa.

Masarautar Yauri ta yi dace, domin Mai Martaba Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi ya taɓa shugabantar jami'ar Sakkwato, ya san harshen masu bincike ya kuma san na masunta. Kira ga gwamnatocin Kebbi da Neja da jami'o'inmu shi ne su zauna da cibiyar Sabuwar Busa, su maido da ƙidayar kifi ta shekara-shekara, su fara daga bakin ruwan Yauri.