Baƙo a Birnin Ƙonni: wace lamba zai kira in hatsari ya auku?

Birnin Ƙonni mararraba ce. Hanyar Yamai zuwa Maraɗi ta ratsa ta, kuma fatake da masu ziyara suna shigowa daga Sakkwato ta Ilela. Da yawansu ba su san lambar neman agaji tana sakewa da zarar an ƙetare iyaka ba.

Kowace ƙasa da nata tsari. A Japan, 110 ta ƴan sanda ce, 119 ta masu kashe gobara da motar asibiti. A Nijeriya 112 ake bugawa. Nan Nijar kuwa, 17 ta ƴan sanda ce, 18 ta ƴan kwana-kwana.

A lura: kusa da iyaka, salula takan riƙe layin Nijeriya, sai kiran ya tafi can. Haka kuma Ilela biyu ce, ta jihar Sakkwato da ta jihar Tawa. Mai kira ya faɗi wacce yake nufi, ya ambaci unguwa, da abin da ya faru, da yawan waɗanda suka ji rauni. In bai iya Faransanci ba, ya yi Hausa.

Hausawa sun ce baƙo makaho ne. Masu masauki da shugabannin tasha, ku rubuta waɗannan lambobi a bango, inda baƙonku zai gani tun ranar saukarsa.